Ajiyar Matan Unguwarmu a Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri daga gida, ni kaɗai ce mace mai kwamfuta a unguwarmu. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda in ka leƙa ta bayan katanga ba abin da za ka gani sai shinkafa da tumatir da ruwan kanal na noman rani. Yayana ne ya bar mini kwamfutar bayan ya gaji da ita ya sayi sabuwa. Tsohuwa ce tukuf, batirinta ya mutu, in ba a jone da wuta take ba ko numfashi ba ta yi. Amma yadda nake ji da ita, sai ka rantse da sunana aka ƙera ta. Har riga na ɗinka mata da ragowar atamfa.

Ba a jima ba matan unguwa suka gano amfaninta. Waya ta cika, ta ƙi ɗaukar hoto, ga biki ya matso, sai ka ga mace ta yi sallama da katin memori ƙulle a gefen mayafi. "Ga shi, 'yar nan, ki juye mini a akwatin nan naki. Ajiya ce." In juye, in buɗe mata folda da sunanta, ta goge katinta ta tafi da shi fes. Ni kuwa kaina ya fasu, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

Abin da ke cikin ajiyar nan ba na kowa ba ne. Hotunan kamu ne da sa lalle da wunin biki da suna, irin wuraren da namiji ba ya shiga. Matan da a waje ko idon sawunsu ba ka gani, ga su nan ba mayafi, wasu ba ɗankwali, kitso a waje, ana ta tiƙar rawa. Akwai waɗanda ko mazajensu ba su san sun iya rawa haka ba. Sun kawo mini ne don ni mace ce, kuma ta gida.

Cikin ajiyar duka, akwai ɗaya da ta fi sauran nauyi. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana da 'ya sa'ata, tare muka taso, tare muka yi makarantar allo da ta boko. Ta rasu wurin haihuwar fari, ta bar jaririya mace. Bayan an share makoki, goggo ta zo mini da wayar marigayiyar, gilashinta duk ya tsage. A ciki akwai bidiyon ranar kamunta, tana dariya, tana magana, tana rawa cikin ƙawaye. Ban da shi babu wani abu a duniya da ya rage mai motsinta ko muryarta.

Goggo ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ajiye mini wannan. Abu biyu na roƙe ki. Kada ya ɓata, kuma kada idon namiji ya sauka a kansa. Tana raye ba ta taɓa fita ba lulluɓi ba, ba zan bari a kalle ta haka tana kabari ba."

Na ce mata in Allah ya yarda. Ba a yi nisa ba wayar ta mutu gaba ɗaya, ya zama kwafin da ke wurina shi kaɗai ne.

Ana nan, kwamfuta ta fara ciwo. In kunna ta, in je in ɗora tukunya in dawo, ba ta gama farkawa ba. Layin da ke nuna cikar ma'ajiyarta ya koma ja. Kullum sai ta fito mini da saƙo cewa tana son a sabunta ta, amma babu wuri. Ni kuma kullum in danna mata "sai anjima", kamar yadda nake yi wa mai tallan da ba ni da niyyar sayen kayansa. Sai da jarrabawa ta ƙarato, manhajar makaranta ta ce atafau ba za ta buɗe ba sai an yi sabuntawar nan, sannan idona ya raina fata.

Na kira yayana a Kano. Ko gama bayani bai bari na yi ba.

"Ke kika mayar da ita rumbun unguwa ai. Ki goge tarkacen matan nan ki huta. In kuma ba za ki iya ba, ki kai wa abokina mai gyara a Kura, ki bar masa ita. Zai juye komai a tasa, ya gyara, ya mayar miki."

Na ce, "Yaya, a tasa fa ka ce?"

"To a ta wa? A ta limamin gari?"

Na ajiye waya. Shagon nan na san shi, bencin ƙofarsa ba ya rabuwa da samari. Na hango goggona, na hango bidiyon nan a kwamfutar wani ƙato. Gogewa ba ta taso ba, bari a hannun namiji ma ba ta taso ba.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in mayar wa kowa kayansa. Na ɗauki hijabi na shiga gida-gida, ina cewa kowa ta kawo katinta in juye mata nata. Ashe na taro wa kaina. Maƙwabciyarmu ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa.

"Laifin me muka yi miki? In gajiya kika yi da mu, ki faɗa."

Wata ta ce katin nata tuni ya sake cika da bikin ƙanwarta, dama tana shirin kawo mini. Wata ta ce ai ta sayar da wayar ta sa kuɗin a sana'ar guma, ta turara shinkafa a sayar. Kafin in dawo gida, labari ya riga ni isa wurin mahaifiyata, wai na fara girman kai don ina karatun jami'a. Mahaifiyata ta tare ni tun daga zaure. "Ke a gidan wa kika ga an bi mai ajiya da kayansa bai nema ba? So kike a ce mun kori mutane?" A wurinmu haka abin yake. Wanda ya ba ka ajiya ya ba ka girma ne, in ka mayar masa ba tare da ya tambaya ba, kamar ka ce masa ba ka son hulɗa da shi. Na sani sarai, tsoron jarrabawa ne ya mantar da ni.

Mahaifina ya dawo daga gona ana tsakiyar wannan, lokacin ɗiban tumatir ne, yana wanke taɓon ƙafarsa a bakin rijiya yana jinmu. Bai san komai game da kwamfuta ba, kuma bai taɓa nuna yana son sani ba. Da muka lafa ya ce, "Ni irin shinkafata ba na tara shi wuri ɗaya. Rabi yana nan, rabi yana wurin ƙanena a Madobi. In ɓera ya ci na nan, ba na rasa na shuka. Ki nemo wa kayan mutane ɗaki na biyu mana." Ya ɗauki butarsa ya wuce masallaci.

Na sake kiran yayana, na yi ta magiya har ya gaji. Ya aiko mini da wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka, mai igiya, wai ekstanal sunansa, ma'ajiya ce da ake jonawa da kwamfuta a juye kaya a ciki. Na juya shi, na juya shi. Jona katin memori na iya, amma wannan aikin na kwashe komai da sabuntawa tsoro yake ba ni, kada in danna wani wuri in yi aika-aika. Ga wutarmu ba tabbas. Dole dai sai Kura.

Da hantsi na hau adaidaita, kwamfuta a rungume. Shagon abokin yayana yana jikin wani injin casar shinkafa, ga ƙara, ga ɓuntu yana tashi yana shiga ido. Muka gaisa, ya miƙo hannu zai karɓa, na ƙara ƙanƙame ta.

Ya yi dariya. "Malama, ko likita ai sai ya duba mara lafiya kafin ya ba da magani."

Na ce, "Malam, wannan mara lafiyar ba a duba ta. Hotunan matan aure ne a ciki, ba lulluɓi. Har da na wadda ta rasu. Amana aka ba ni. Kai za ka faɗa, ni zan danna."

Na ɗauka zai ce in kama gabana. Ya tsaya yana kallona, dariyar ta ɗauke. Sai ya leƙa waje ya ce wa samarin benci su matsa gindin darbejiya su ba shi wuri. Ya ja mini teburi zuwa lungu, fuskar kwamfuta ta kalli bango ɗaya, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci ɗaya bangon, ya ba ni baya.

"To bismillah. Faɗa mini abin da kike gani."

Haka muka yi aikin nan. Ina karanta masa abin da ya fito da Turancina mai gargada, yana gaya mini inda zan shiga. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa sai ya tarar da mai shago yana magana da bango. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Kai lafiya? Horo aka ba ka?" Ya ce, "Horo ne, Baba, na yini guda."

Ya fara nuna mini inda zan ga abin da ya cinye wurin. Nan na sha kunya ni kaɗai. Ina ta ɗora wa matan unguwa laifi, ashe babban mai cin wurin fina-finaina ne, waɗanda na kalla na sake kalla har na haddace. Da ya tambayi abin da na gani, na ce masa, "Wasu darussa ne na makaranta." Ya ce, "Darussa masu waƙa ko?" Ashe na taɓa ɗaya ya fara kiɗa. Bayan su kuma sai bidiyon wani biki guda da aka yi a unguwa, wanda mata suka yi ta tura wa juna, kowacce ta kawo mini shi a matsayin nata. Kusan kowace folda na buɗe sai na ga bidiyon nan, na wata mata da ta zame a tsakiyar rawa.

Na runtse ido na goge fina-finaina. Jan layin nan ya koma shuɗi nan take.

Mai gyara ya ce, "Alhamdu lillahi, wuri ya samu. Sai mu yi sabuntawar yanzu tun da akwai wuta. Ba ta taɓa hotuna, kayanki suna nan yadda suke. Juyewar ki yi ta a gida a hankali, don tsohuwar nan kafin ta kwashe wannan kayan sai la'asar."

Gaskiya maganar ta shige ni. Yunwa nake ji, ƙarar injin ta sa mini ciwon kai, ga karatun jarrabawa yana jirana. Yayana ma ya kira a daidai lokacin, ya ce in daina wahalar da abokinsa, in yi abin da ya kawo ni in tafi gida. Maza biyu da suka fi ni sanin kwamfuta sun ce ba komai. Amma na kalli foldar goggona, guda ɗaya tal a duniya, a cikin tsohuwar kwamfutar da ko batiri ba ta da shi, na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ba za a taɓa ta ba sai na ga kayan mutane a wuri biyu."

"Malama, yini za ki yi a nan fa."

"In yini."

Ya sauke numfashi, har yanzu fuskarsa a bango. "To ki zaɓi kwafi, kada ki zaɓi yankewa. In kika yanke, wani abu ya faru a hanya, kin yi biyu babu."

Na fara da ta goggo, sannan na bi da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ko maimaitaccen bidiyon nan ban rage wa kowa nata ba, yadda kowacce ta ba ni haka na juye. Koren layi yana tafiya kamar ba ya so. Aka yi azahar, na yi salla a gidan da ke bayan shagon, matar gidan ta ba ni shinkafa da wake, na dawo na tarar bai kai rabi ba. Mai gyara ya ci gaba da gyaran wayoyinsa a cinya, bai juyo ko sau ɗaya ba. Wuyansa dai na san ya ji a jikinsa.

Da aka gama ya ce kada in yarda da abin da kwamfuta ta faɗa, in shiga cikin ekstanal ɗin in buɗe in gani da idona. Na rage murya ƙasa sosai, na buɗe bidiyon kamun. Tun rasuwarta ban kalle shi ba. Sai ga ta, hannu ya sha lalle, tana ture wata ƙawarmu tana dariyar nan tata mai sa mutum dariya ko bai ji abin da aka ce ba. Na toshe bakina da hijabi, amma shessheƙa ta ƙwace mini. Mutumin nan bai motsa ba. Can ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta." Na ce amin. Na sa ya miƙo mini sabon katin memori ta bayansa, na ƙara juye na goggo a ciki, na zare duka biyun na sa a jaka.

Sannan na ce a yi sabuntawar.

Ta fara lafiya lau. Kwamfuta ta rubuta cewa kada a kashe ta, tana ta ƙirga abinta. Muna cikin haka sai ƙarar injin shinkafa ta tsaya cak, fanka ta fara rage gudu. An ɗauke wuta. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin. Mai gyara ya zabura ya yi waje wurin janareto, ya ja, ya ja, da ƙyar ya tashi. Na kunna ta. Ta nuna shuɗin allo da wasu rubuce-rubuce, ta mutu, ta sake tashi, ta sake nuna shi. Haka ta yi ta yi.

Ya ce, "Malama, in juyo?"

Na ce, "Juyo, ba abin da ya rage da za ka gani."

Ya gwada duk dabarar da ya sani, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya ce hanya biyu ce. Ko ya ciro cikinta ya jona a tasa kwamfutar ya bi fayil-fayil ya ga abin da zai tsira, ko kuma ya yi mata wankin babban bargo, a goge komai a ɗora sabo. Ta farko dole idonsa ya ga abin da ke ciki. Ta biyu ba abin da zai rage.

Da a ce da hantsi na bi maganarsu, da a wannan lokacin zan zaɓi wanne daga cikin roƙon goggona biyu zan karya. Na taɓa jakata, na ji tudun ɗan baƙin abin nan, na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Na ce, "Wanke ta, Malam. Wanke ta tas."

Ya dube ni ya girgiza kai yana murmushi. "Wallahi taurin kanki ya yi rana. Ki gaya wa yayanki ni na ce."

Na kuwa gaya masa, ba sau ɗaya ba. Har yau in gardama ta haɗa mu sai na tuna masa.

Ana kiran magariba na sauka daga adaidaita, kwamfuta a hannu, ekstanal kuwa a cikin riga na sa shi, jikin ƙirjina. Matan unguwa ba wadda ta san abin da ya faru, don ba wadda ta rasa ko hoto ɗaya. Jarrabawa na rubuta ta, ban yi wani abin a zo a gani ba, amma na haye. Katin na kai wa goggo, na ce mata ajiyarta ta zama biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurinta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙasan adakarta.

Shekaru suka wuce, na yi aure a Kura, tsohuwar kwamfutar ta mutu mutuwar da ba gyara. Wata ranar Juma'a goggo ta yi sallama a gidana, riƙe da hannun jikarta, marainiyar nan, lokacin ta shiga firamare. Bayan mun gaisa ta ce, "Ta dame ni da tambaya. Yara sun ce mata kowa yana da uwa ban da ita. Ina ganin lokaci ya yi."

Na ce wa maigidana ya ɗan ba mu wuri, ya ɗauki hularsa ya fita. Na rufe ƙofa, na jona ekstanal a sabuwar kwamfutata, na ɗora yarinyar a cinya, na kunna mata bidiyon kamun.

Ta ƙura masa ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Goggo ta juya fuskarta gefe. Da aka zo inda marigayiyar ta matso kusa tana dariya, sai yarinyar ta kai yatsa bakinta ta taɓa haƙoranta na gaba, ta dubi kakarta.

"Inna, ita ma tana da wushirya irin tawa."

Na riga goggo amsawa. Ni na ce, "Ke ce kike da irin tata."

Ta mayar da ido kan kwamfuta ta ce, "A sake."

Na sake mata. Na sake, na sake, har aka kira la'asar.

Na gama digirin, na yi aiki, an yaba mini a wurare da dama, kuma na ji daɗi. Amma in za a tambaye ni abin da na fi alfahari da shi a rayuwata, ba zan ɗauko takarda ba. Yinin nan zan faɗa, a lungun shago cikin ɓuntun shinkafa, da yunwa da ciwon kai, lokacin da waɗanda suka fi ni sani suka ce ba komai, na ce sai na gani a wuri biyu. Ba ilimi na fi su ba. Su kwamfuta suke gani, ni kuma na san fuskar wadda ta ba ni ajiyar. Tun daga ranar duk abin da ba zan iya jure rashinsa ba, ba na barinsa wuri ɗaya, kuma ba na bari a taɓa na'ura sai na buɗe kwafin da idona.

Yarinyar ta zama budurwa yanzu. Duk hutu sai ta zo, ta rufe ƙofa da kanta, ta kunna da kanta. Ba ta taɓa ce mini ta gode ba, don ba ta san akwai abin godiya ba. A wurinta, uwarta tana nan ne kawai duk ranar da ta so ganinta. Ni kuma haka na fi so.